Kafin Yashi Ya Cinye Dam: Shawarwari Ga Gidajen Kazaure, Roni, Gwiwa Da Babura

Daminarmu wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba, kuma ƙarfinta a Agusta yake. Sauran wata takwas, da abin da ƙasa ta riƙe ake rayuwa: rijiya, tafki, fadama, sai madatsun da aka gina tun muna cikin tsohuwar Jihar Kano, a shirin tare ruwa da gwamnatin Audu Bako ta faro. Tiga ce babbarsu, an gama ta a 1974. Mu a nan muka samu dam ɗin Muhammadu Ayuba da na Ibrahim Adamu a Kazaure, ga na Gari da na Tomas a maƙwabta.

Sai dai dam ba ya haifar ruwa. Duk ɗigon da ke cikinsa daga wani wuri ya gangaro: kan tsaunukan Roni da Kazaure, gonar tudu, rufin kwano, lungun unguwa. Abin da ruwan ya tarar a hanya kuwa da shi yake tafiya. Jan ruwan nan da ke cika rafi bayan mamakon farko, ƙasar gonakinmu ce, ta saman mai taki. Tana isa dam ta kwanta, zurfi ya ragu, ruwa marar zurfi kuma rana ba ta daɗewa ba ta shanye shi ba. Manomi ya yi asarar ƙasa, mai lambu ya yi asarar ruwa, duk a ruwan dare ɗaya.

Ƙasar tamu iri biyu ce. Ta wajen Kazaure da Roni akwai dutse da gangare, ruwa gudu yake yi. In aka nausa gabas wajen Babura sai rairayi, inda rafuka ke rage ƙarfi har su nutse a cikin yashi. Wasu shawarwarin sun fi shafar na kan dutse, wasu na kan rairayi. Kowa ya ɗauki nasa.

1. Ku bi ruwan gidanku ku ga inda yake ƙarewa

Ran da aka yi ruwa mai ƙarfi, da zarar an ɗauke, maigida ya ɗauki yara manya su bi ruwan da ya fita ta kwatar gida. Daga lungu zuwa lambatu, daga lambatu zuwa kwalbati, har inda ya faɗa kududdufi ko rafi. A lura da inda yake gudu, inda yake tsayawa, inda ya fara cin ƙasa, da jujin da yake ratsawa. Mutane da dama za su tarar ruwan da ya wanke bolar ƙofar gidansu shi ne mai ba latas da tumaturin da suke saye ruwa da rani. Wanda ya ga haka da idonsa ba sai an yi masa dogon wa'azi ba.

2. A tare ruwan indararo

Lissafin mai sauƙi ne. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Rufin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin mita 5, in aka yi ruwan milimita 20, wanda ba wani babban ruwa ba ne a Agusta, zai zubo da lita 1,000. Jarka 40 ke nan ta lita 25, ko duro 5. Uwargida ta auna kuɗin jarka 40 a hannun 'yan garuwa. Ruwan da aka tare a duro bai bi lungu ya ci gindin katangar maƙwabci ba, bai kuma kwashi shara ya kai rafi ba. A bar na farkon damina da na mintunan farko na kowane ruwa ya zube, don shi ke wanko ƙura da kashin tsuntsu. A rufe duron da murfi ko gidan sauron da ya tsufa, kada ya zama wurin haihuwar sauro. Abin da ya fi ƙarfin duro a yi masa 'yar hanya zuwa gindin zogale ko lemo a tsakar gida.

3. A gonar tudu ake riƙe ruwa, ba a kwari ba

In da shawara ɗaya kaɗai za a ɗauka, wannan ce. Ruwa yana samun ƙarfi ne da tafiya. A saman gona, ɗan tarin ƙasa ya isa ya tsayar da shi. In ya kai kwari ko kankare sai ya tumɓuke.

Abu na farko shi ne huɗa. A gona mai gangare, kunya ta ratsa gangaren a gicciye, kada ta bi shi daga sama zuwa ƙasa. Na san dalilin da ya sa ake bin gangare: shanu sun fi jin daɗin ja, kuma wani lokaci siffar gonar gado ce ta tilasta. Amma kowane kwarin kunya da ya miƙe ƙasa, hanya aka gyara wa ruwa ya fice da taki. In aka yi a gicciye, a kuma datse kwarin kunya da ɗan tudun ƙasa kowane taku biyar ko shida, ruwa zai tsaya a inda ya faɗi.

Na biyu jerin duwatsu. Mutanen Roni da Kazaure ba su da uzuri a nan, tsakuwa da duwatsun da ake tsinewa lokacin noma su ne kayan aikin. A jera su a gicciyen gangare, tudunsu taƙi ɗaya ko ɗaya da rabi, manya ta ƙasa, ƙanana ta sama su toshe kafofi. A gangare mai sauƙi a bar taku 20 zuwa 30 tsakanin jeri da jeri, in da tsauri a matso da su. Don jerin ya zauna daidai, a ari siririn tiyo mai haske irin wanda magina ke auna lebur da shi. Jerin ba ya hana ruwa wucewa, rage masa gudu yake yi, sai ƙasar da ya ɗauko ta kwanta a bayansa. Bayan damina biyu ko uku za a ga laka mai laushi ta taru har ciyawa ta kama.

Na uku na masu faƙo ne, ƙasar da ta daskare har ruwa ke zamewa a kanta. Maƙwabtanmu na Nijar sun daɗe da gano maganinta. A ƙarshen shekarun 1980 wasu manoma daga Illela ta jihar Tawa suka je yankin Yatenga a Burkina Faso, ƙasar su shahararren manomin nan marigayi Yakuba Sawadogo, suka ga yadda ake farfaɗo da matacciyar ƙasa da ramuka. Suka dawo suka gyara tasu tsohuwar dabarar, tassa. Rami ne mai faɗin taƙi ɗaya da rabi, zurfin taƙi ɗaya, taku ɗaya tsakanin rami da rami. Ƙasar da aka haƙo a tara ta ta gefen gangare, a zuba taki cikin tafin hannu biyu tun da rani. Gara ta zo cin takin ta huda ƙasa, ruwa ya sami hanyar shiga. Har ta kai a Illela ana sayen faƙon da a da ko kyauta ba mai so. Akwai kuma rabin wata, wato tudun ƙasa mai lanƙwasa wanda bakinsa ke kallon inda ruwa ke fitowa, mai faɗin mita 2 zuwa 4. Aiki ne mai cin ƙarfi, kuma a Maris da Afrilu ake yinsa, cikin rana. Masu jigawa kada su wahalar da kansu da tassa, rairayi zai rufta. Nasu maganin shi ne barin kara da ganye a gona, da shawara ta gaba.

4. Kada sassabe ya zama aski

Yadda muka saba, kafin damina a sare duk sabara da kargo da geza, a tara a cinna wuta, gona ta yi tas. Ana kiran wannan tsabta, alhali ƙasa aka tuɓe wa riga daidai lokacin da iskar bazara da ruwan farko za su same ta.

A 1983, a Maraɗi, wani ɗan Ostireliya mai suna Toni Rinaudo, wanda ya gaji da dasa itatuwa suna mutuwa, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa ba ciyawa ba ce: kututturan manyan itatuwa ne masu saiwa a raye, kowace shekara suna tohowa ana sarewa. Dabarar da ta fito daga nan, wadda ake ce wa sassabin zamani, ba ta buƙatar ko kwabo. A kowane kututture a zaɓi tsiro uku zuwa biyar mafi miƙewa, a sare sauran, a rage rassan ƙasa da wuƙa mai kaifi, ana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya ɗaye. A ɗaura ɗan tsumma don masu itace su san da mai shi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa gonakin da suka farfaɗo ta haka a Nijar, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram, sun kai kadada miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. Tsakanin Babura da waɗannan gonaki ba wata tafiya ba ce, ƙasa ɗaya, sabara ɗaya.

Wanda ya sami gawo ya tsiro a gonarsa ya yi masa shinge. Da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya yi wa gero inuwa, gindinsa ya fi ko'ina yabanya, 'ya'yansa kuma abincin awaki ne da rani. Ba ina kushe dashen darbejiya ba ne, ko layukan itatuwan shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Jigawa ke cikinsa. Amma dashe sai da ban ruwa da gadi, kututture kuwa saiwarsa ta riga ta kai ga danshi.

5. A bar wa rafi huruminsa

Gaɓar rafi ta fi ko'ina danshi, shi ya sa ake kai garma har bakinta. Kunya biyu ko uku da aka ƙara, da su ake sayar da gonar: saiwar da ke riƙe da gaɓa ta tafi, ambaliya ta zo ta yanki ƙasa, baɗi a sake matsowa. A bar aƙalla taku 10 daga gaɓa ba a huɗa, a manyan rafuka fiye da haka. Ba asara ba ce. A dasa jema da gamba a jere. Jema saiwarta zurfi take yi ta ɗaure ƙasa, gamba kuma ga zana ga abincin dabba, ana yanka ba a tumɓukewa. Giyayya, ɓaure, ɗinya da kanyar da suke wurin a bar su.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malaman fiƙihu sun yi bayanin cewa rijiya da kogi suna da fili a kewayensu wanda ba a mallaka ta hanyar da za ta cutar da masu amfani da ruwan, kuma Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen ƙasa, Ta'alimur Radi. Limamin unguwa zai iya ɗaukar huɗuba guda a kai.

Wuri ɗaya ne ba a son itace: jikin bangon dam. Saiwa tana huda shi, in ta ruɓe ta bar kafa. Haka nan kada a ɗebi ƙasa ko dutse a jikinsa, kada a toshe mafitar rarar ruwa don a sami wurin shuka. Wanda ya ga tsagewa, ko ruwa mai laka yana tsattsafowa ta bayan bango, ya gaya wa dagaci ranar. Dam ɗin Bagauda ya ɓalle a 1988, na Alau ya ɓalle a Satumbar 2024 ya shafe unguwannin Maiduguri.

6. Kwazazzabo tun yana ɗan tsagi

Wanda ƙafa za ta iya tsallakewa, mutum biyu za su kashe shi da yini ɗaya. Wanda ya kai tsayin mutum sai katafila. A fara daga kansa, inda ruwa ke faɗawa, a shimfiɗa duwatsu. Sannan a yi ƙananan shingaye a cikinsa da dutse, ko turaku da aka saƙa da rassan geza, kowanne bai wuce gwiwa ba, tsakiyarsa ta fi gefe gajarta don ruwa ya tsallake ta tsakiya maimakon ya ci gefe, a kuma zuba duwatsu inda zai sauka. Ƙanana goma sun fi babba ɗaya. Cika shi da shara kuwa, kamar yadda ake yi a bakin gari, aika wa na ƙasa da bola ne kawai.

7. Leda

Ɗabi'ar nan ta fito da shara a zuba a lambatu da hadari ya haɗo, wai ruwa ya tafi da ita, ita ce ke toshe kwalbati ruwa ya dawo cikin ɗaki. A raba shara biyu tun daga tsakar gida. Toka, ɓawo, kashin awaki da sharar tsintsiya su tafi ramin taki. Ledar fiya-wata da baƙar leda a cusa a buhu. Robobi da gwangwani 'yan gwangwan na saye. Uwargida ta riƙe jaka ko kwando na cefane. Baƙin mai na babur da na injin ban ruwa a tara a galan, kada a tuttular a ƙasa. Wanda yake son ganin ƙarshen rafin da aka mayar bola, ya tsaya a bakin rafin Jakara in ya shiga Kano.

8. Salga nesa da rijiya

A Oktobar 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Nijeriya da ta daina bahaya a fili, dukkan ƙananan hukumominta 27. Abin alfahari ne, amma takardar shaida ba ta gyara salgar da ta rufta da damina. A gyara ta kafin a koma bayan gari, domin abin da aka ajiye a bayan gari da rani, ruwan farko rafi yake kai shi, daga nan amai da gudawa. Manzon Allah (SAW) ya yi hani da yin bahaya a mashayar ruwa da kan hanya da inuwar da ake hutawa, ya kuma hana fitsari a ruwan da ba ya gudu.

Sabuwar salga ta yi nisan mita 30 daga rijiya, ta kuma kasance ta gefen gangare, ba ta sama ba. A fadama da wuraren da ruwa ke kusa, kada a zurfafa ramin har ya kusanci ruwa. Gara a ɗaga ginin sama. Masu ƙasar rairayi su fi kowa kiyayewa, don ƙazanta na tafiya cikin yashi da sauri. A gari, inda gidaje suka matse, rijiyarka tana iya zama kusa da salgar maƙwabci, saboda haka a yi shawara kafin a sa diga. Rijiya a ɗaga bakinta, a yi mata daɓe da murfi, guga ɗaya a rataye. Kashin yara ƙanana a zuba a salga. Ba shi da wani tsarkin da ake ba shi.

9. Maganin feshi da taki

Yanzu kusan kowane gida da abin feshi, kuma mafi sauƙin wurin haɗa magani da wanke tanki shi ne bakin ruwa. A ɗebo ruwa a bokiti a je can cikin gona a haɗa. Robar magani in ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, ana juye ɗaurayen a cikin tankin feshi, sannan a huda ta don kada wani ya zuba manja ko nono a ciki. Kada a yi feshi in hadari ya taso: kuɗi ne za su bi ruwa, su kuma kashe kifi. Takin zamani, musamman yuriya, a binne shi a gindin shuka. Wanda aka watsa a sama, wani iska ta kwashe, wani ya gangara tafki ya ciyar da gansakuka, ruwan ya yi kore ya fara ɗoyi.

Zuba guba a ruwa don kama kifi, ko Gamalin ce ko fiya-fiya, laifi ne a doka, kuma a ganina ya kamata unguwa ta ɗauke shi kamar satar shanu. Yana kashe karfasa da tarwaɗa har ƙwansu, shanu su sha, mutane su ci. Sarkin Ruwa ya sa ido kuma a kan masu su da gidan sauro, wanda ba ya barin ko ɗan tsako.

10. Yara da tsargiya

Fitsarin jini a wurin yaro ba alamar balaga ba ce, ba kuma zafin rana ba ne. Tsutsa ce. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya shiga wani ɗan ƙaramin dodon koɗi, daga jikinsa tsutsar ta fito ta huda fatar mai wanka. In aka ƙyale, tana lalata mafitsara da ƙoda, a mata kuma tana taɓa mahaifa. Maganin ƙwaya ne, ana raba shi kyauta a makarantu lokaci-lokaci. A bar yara su sha bayan sun ci abinci, har da almajirai da waɗanda ba sa zuwa boko. Ruwan dam ko na tafki in aka ɗebo aka ajiye shi kwana biyu, tsutsar ta mutu, ana iya wanka da shi, amma na sha sai an tafasa. Wanki kuma a ɗebo ruwa a yi shi a kan tudu, kumfar ta nutse a ƙasa.

11. Yashi da ƙasar gini

Rafin da ya ƙafe a ido, sau da yawa da ruwa a ƙarƙashinsa. Yashin nan randa ce: yana shan ruwan damina ya ɓoye shi daga rana, shi ya sa makiyayi zai tona da ƙwarya a watan Maris ya shayar da garke, shi ya sa kuma rijiyoyin lambu na gefen rafi ke kawo ruwa. A Kenya, a yankunan Machakos da Kitui, har gini ake yi a gicciyen rafi musamman don a tara yashi saboda ruwan da yake riƙewa. Mu kuma tifa muke kira ta kwashe. In yashi ya tafi, gindin rafi ya zurfafa, gaɓa ta rufta, ruwan rijiyoyin gefe ya yi ƙasa, ƙafar gada ta fito fili.

Ba zan ce a daina gini ba, kuma samarin da ke lodi da shi suke ci. Abin da gari zai iya shi ne ya nuna wurin ɗiba da wurin da ba a taɓawa: nesa da gada, nesa da lanƙwasar rafi, nesa da rijiyoyi. Mafi kyau ma a karkatar da masu tifa da masu bulo zuwa bakin da rafi ke shiga dam ko tafki, inda yashi ya yi yawa har ya zama matsala, bayan an nemi izinin hukumar da ke kula da wurin. Mai gonar da ke sayar da yashin gabanta kuwa ya sani ba nasa kaɗai yake sayarwa ba.

Kududdufan cikin gari ma kada a yi gaggawar cike su a yanka filaye. Su ne ke karɓar ruwan unguwa. Kano ta cike nata da yawa, ruwan kuma bai fasa zuwa ba.

12. Mashaya da burtali

In aka shuke burtali aka kewaye tafki da lambu, shanu ba za su daina shan ruwa ba. Za su sauka ta ko'ina, su farfasa gaɓa, a wayi gari ana gaban alƙali. A zauna da Arɗo tun kafin kaka a tsayar da mashaya ɗaya ko biyu, inda gaɓa ba ta da tsayi, a shimfiɗa mata tsakuwa, ta kasance ƙasa da inda mutane ke ɗiba. Makiyayi ya san kowane rafi daga kansa har ƙarshensa fiye da manomi, don da ƙafa yake bin sa. Duk zaman da za a yi kan ruwa ba shi, rabin labari aka ji.

13. Gayyar ta bi rafi, ba iyakar unguwa ba

Gida ɗaya zai iya tare indararonsa, amma ba zai iya kashe kwazazzabon da ya ratsa gonaki ashirin ba. Matsalar ita ce wanda ke sama shi ke da aikin, wanda ke ƙasa shi ke da ribar. Mai gonar tudu zai ce, me zai sa in kwashi dutse don lambun wani? Amsar ita ce na ƙasa su hau su taya shi. Masu lambu, masunta da masu bulo su ba da yini biyu ko uku a gonakin sama, matan gidajensu su yi kunu da ɗanwake kamar kowace gayya. Mutanen kwarin Haɗeja sun sha wannan darasi: bayan an gina madatsun Tiga da Chalawa yanayin zuwan ruwa ya sauya, kacala ta toshe hanyoyinsa, wasu garuruwa suka nutse wasu suka bushe, har ta kai ƙauyuka na haɗuwa su shiga ruwa da lauje da adda su buɗe.

A kafa 'yar ƙungiya ta mutum bakwai zuwa tara daga ƙauyukan da ke kan rafi ɗaya, da sanin dagatai da hakimi: manomin tudu, mai lambu, masunci, makiyayi, saurayi mai lodin yashi, liman, da mata aƙalla biyu, don su ne suka fara sanin ran da ruwan rijiya ya sauya ɗanɗano. Kada ta zama ta masu neman kwangila. Dokokinta kada su wuce biyar, a karanta su a masallaci da wurin suna. Kuɗi kaɗan ake buƙata, na shebur, baro da abinci, kuma adashe ya isa. A rubuta shige da fice a littafi ɗaya wanda kowa zai iya gani.

Abin da ya fi ƙarfin gayya a kai shi gaba. Akwai sashen gona da na ayyuka a ƙaramar hukuma, akwai malaman gona na JARDA, hukumar raya aikin gona ta jiha, akwai Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are mai hedikwata a Kano, wadda aikin noman rani na Gari ke hannunta. Akwai kuma shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a Disambar 2021 don farfaɗo da ƙasa da magudanan ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma ta hannun ƙungiyoyin al'umma yake son shiga. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke neman abin da za su yi aikin kammala karatu a kansa za su iya auna muku gangare ko su gwada ruwan rijiya. In za a je ofis a tafi da takarda mai sa hannun dagaci, hotunan waya na wurin da rani da damina, tsawon kwazazzabon da zurfinsa, yawan gidajen da abin ya shafa, da jerin abin da kuka riga kuka yi da hannunku. A kai ta a Janairu ko Fabrairu, domin aikin ƙasa in bai kammala a Mayu ba sai wata shekara.